Ruwa Ya Yi Gyara

An ɗauki hoton gonar Ɗanasabe daga sama fiye da yadda aka taɓa ɗaukar hoton fuskarsa, shi kuwa bai san da zancen ba sai da furfura ta cika masa gemu.

Manomin fadama ne a wani ƙauye na bakin gulbi, tsakanin Talata Mafara da Bakura. Gonar ta gado ce. Yana yaro, gulbi kan cika da damina ya malale fadamar, ya janye ya bar baƙar laka, mahaifinsa ya bi sawun ruwan da shuka. Da aka gina madatsar Bakolori ambaliyar ta daina zuwa, aka koma ban ruwa ta magudanai. Ɗanasabe ya koyi sabon noman bai yi ƙorafi ba. Da shinkafar wannan gona da albasarta ya aurar da 'ya'yansa.

Sannu a hankali yashi ya cike magudanar da ke kwashe ragowar ruwa ta mayar gulbi. Ruwa ya kwanta a gonaki, ba shiga ba fita. Sai ga kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa da ke wuce tsawon mutum. Ya sare ta da lauje, ta tofo. Ya ƙone ta da rani, ta dawo ta fi da kauri. Tsuntsayen jan-baki suka yi gida a cikinta, abin da ciyawa ta rage na shinkafa su kwashe. Cikin 'yan shekaru ta ci fiye da rabin gonar. Kowa a ƙauyen ya san maganin: a yashe magudanar. Amma aikin ya fi ƙarfin shebur, sai mota mai haƙa.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani shiri na gyaran gulbi zai kawo motar. Ba za ta je ko'ina ba, sai inda ƙasa ta fi lalacewa. Masu shirin sun tara hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru masu yawa, tun daga tuddan da gulbin ya taso har zuwa fadamun Bakura. Inda kore ya ƙaru a hoto, ƙasa ta farfaɗo ke nan. Inda ya dusashe, tana mutuwa. Da yake hanyoyin daji ba lafiya, ba za su iya taka kowace gona ba. Za dai su tsaya nan da can su tambayi mutane, su gwada da abin da hoto ya nuna.

Ƙauyen ya zaɓi Ɗanasabe ya yi magana, don shi ya fi kowa asara. Ya kwana biyu yana shirya zancen a ransa. Ranar da baƙin za su zo ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ce wa matarsa Marka ta dama fura mai kyau.

Motoci suka tsaya da hantsi, ba a kashe injinsu ba. Shugabar tawagar, Dakta Farida, Bahaushiya ce ta asali amma a Legas ta girma, Hausarta ta tsince-tsince ce. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, waya a hannunta.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Kun zo lahiya? Ina gajiya?"

"Lafiya. Baba, yaya ruwa a nan?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Gona fa?"

"Sai godiya. Alhamdu lillahi."

Ta yi murmushi, ta danna wayarta. Ita tambayar aiki ta yi. Shi kuwa gaisuwa ya amsa, yadda ya ji iyayensa na amsawa ko da ruwa ya rushe musu ɗaki. Ba a tarar baƙo da kuka. Sai ya zauna, ya sha ruwa, an gama tambayar iyali, sannan a ce "bayan gaisuwa", magana ta fara. Ɗanasabe ya leƙa zaure ya ce Marka ta hanzarta. Kafin ya juyo, ɗan sandan rakiya ya buga jikin mota, ya ce akwai sauran ƙauyuka kuma dole a fita daji da rana tsaka. Marka ta fito da ƙwarya ta tarar da ƙura.

"To, mi ka ce musu?" in ji ta.

"Ba mu kai ga magana ba."

"Ba ku kai ba! Kai da ka hana ni barci da zancen kacala shekara da shekaru? A gida baki kamar na maroƙi, ga baƙi sai ya mutu."

Maƙwabcinsa Nagode ya karɓi ƙwaryar ya kafa kai. "Bari in sha, Marka. Furar ga ita kaɗai munka samu cikin shirin ga."

Da kaka motar haƙa ta zo. Ta bi ta titin da ke bayan ƙauyen a kan babbar tirela, yara na binta da ihu, ta wuce wajen Maradun.

Ɗanasabe ya hau kabu-kabu ya tafi Mafara, ya nemi ofishin shirin. Wani ma'aikaci mai suna Hayatu, ɗan yankin, ya ba shi kujera ya juyo masa da kwamfuta. Ya nuna masa gulbin kamar zare, ya nuna masa ƙauyensu. Ya riƙa danna hotuna shekara bayan shekara, fadamar tana ƙara kore, har ta zama mafi kyan gani a duk allon.

"Wanga kore duk kacala ce," in ji Ɗanasabe.

"Na sani, Baba. Hoton bai iya raba ta da shinkafa ba. Abin da ya sa anka zo tambaya ke nan." Hayatu ya sunkuyar da kai. "An rubuta mai gona ya ce ruwa ya yi gyara."

"Gaisuwa ce, ɗana."

"Wallahi na sani. Da ina wurin da ban bari ba."

"To a gyara."

Hayatu ya ce aikin wannan zagaye ya rufe, motar ma ta haya ce, tana gamawa za a mayar da ita. In an samu zagaye na biyu zai sa baki. Bai ce yaushe ba, Ɗanasabe kuma bai tambaya ba. Ya ƙara duban gonarsa a allon, ya yi godiya, ya fita.

Bai zargi Daktar ba. Ya ce yarinya ce mai tarbiyya, ta durƙusa masa. Bai kuma yarda ya yi kuskure ba. In yau aka sake gaishe shi, ya ce, ba zai buɗe baki da kuka ba, ba a haife shi haka ba.

Daminar da ta biyo baya kacala ta haye ragowar gonar. Ɗanasabe bai zuba iri ba. Yanzu ƙwadago yake zuwa Bakura, yana dashen albasa a gonar wani yaro sa'an ɗansa na uku. Yaron na kiransa Baba kuma yana yi masa faɗa in ya yi jinkiri.