Agali ya bar mini kode ɗin imel ɗinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan shayi wani direba ya tsaya ƙofar gidanmu, ya ce rami ya rufta da Agali a Tchibarakaten, wajen haƙar zinariya. Har sun binne shi can.



Ga wanda bai san shi ba, Agali abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, a nan Arlit. Tare muka tafi jami'a a Yamai, muka karanta ilimin ma'adinai, burinmu mu dawo mu kama aiki a kamfanin uraniyom kamar iyayenmu.

Ordinatar kuwa, wato kwamfuta, a allo muka koye ta. Malam ya zana da alli, mu kwafa, mu haddace, mu ci jarrabawa da maki mai kyau.

Ranar gwajin ɗaukar aiki aka zaunar da mu gaban ordinatar ta gaske, aka ce mu fitar da taswirar rami. Muka kalli juna. Da baki zan iya jero maka komai, amma yatsana bai san inda zai taɓa ba. Waɗanda suka yi karatu a waje suka gama suka fita, mu muna ta zufa.

A bakin ƙofa Agali ya tuntsire da dariya, ya ce: "Injiniya, ashe mu direbobi ne da ba mu taɓa shiga mota ba."

Ni zuciya na yi, na koma gida na kwanta. Shi ya samo wata tsohuwar ordinatar mai tsagaggen gilashi, ya dinga hawa rufin ɗakinsu da rana tsaka yana farautar rezo, wato siginar intanet, yana sauko da darussa. Ya zo har gida ya jawo ni. Ba sau ɗaya ba na zage shi, sai ya ce: "Zagi dai, amma danna nan."

Muka iya, wallahi muka iya. Sai dai kafin mu iya, kamfani ya fara sallamar ma'aikata. Fari ya ƙarar da awakin mahaifiyar Agali, hanya kuma ba tsaro. Dosiye nawa na neman aiki muka aika ta intanet? Ko "mun gani" ba wanda ya ce mana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tasha ce, ranar da zai tafi haƙar zinariya. Ya damƙa mini 'yar takarda da kode ɗin imel ɗinsa, wato kalmar sirri, ya ce: "Can babu rezo. Kullum ka duba mini. In kamfani ya kira, ka aiko direba, ko ina ƙasan rami zan fito."

Ban taɓa tsallake rana ba. Yau ma bayan labarin sai da na buɗe. Tallace-tallace ne kawai.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, Agali ya riga ya kama mini wuri a ƙungiyarsu ta haƙa. Jakata a ɗaure take. Direban ya ce jibi zai koma, ya tambaye ni: "Har yanzu za ka?"

Na tuna matata da tsohon ciki, ga babana zaune a gida tun da aka sallame shi. Ban ce masa a'a ba.

Allah ya jiƙan Agali, ya sa ya huta, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Fatiha, sannan ku sa ni ma a addu'a, jibi da safe za mu tashi.