Sunaye Uku na Mai Surutu

A kamfanin da nake tuƙi a Riyad da Turanci ake aiki, domin akwai Indiyawa, akwai 'yan Filifin, ga mu. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma na lura Turanci yana da sunayen mai surutu, kuma hawa-hawa suke. A kan abokin ɗakina na unguwar Nasim na koye su, wani Bakatsine da ya girme ni, nake ce masa Yaya, direban mudir, wato shugaban kamfanin.

Na farko chatterbox. Da dariya ake faɗarsa, a gaban mutum. Ɗan Filifin mai raba makullan motoci ne ya laƙaba masa, don ba ya karɓar makulli sai ya tambayi gajiya da iyali da zafin gari.

Na biyu motormouth, bakin da aka tayar kamar inji, ba birki. Mai faɗar wannan ya fara gajiya da kai. Da na ji shi na ce, "Yaya, ka rage."

Ya ce, "Gaisuwa ce fa! Kai da aka yi wa baki don cin shinkafar kabsa kawai. In wuce mutane kamar jaki?"

Sai wata rana mudir ya yi waya a kujerar baya, ya ambaci ɗansa da aka kwantar a asibiti. Washegari Yaya ya tare shi a ƙofar ofis, gaban ma'aikata, ya tambaye shi mai jiki, ya jero addu'a. A can gida wanda ya ji ciwo bai yi sannu ba, ba shi da tarbiyya. A nan kuwa abin da aka faɗa a kujerar baya, direba bai ji ba. Mudir ya daɗe yana kallonsa, ya ce shukran, ya shige.

Ranar na ji na uku, big mouth. Ba dariya a cikinsa, kuma ba a faɗarsa sai mutum ya juya baya. Wannan ba mai yawan magana ake nufi ba, mai fitar da ita waje ne. Ga iƙamar Yaya, izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, kamfanin ne kuma ke sabunta ta.

A ɗaki ya ce, "Gobe zan sayi dabino in je duba yaron."

Na ce, "Don girman Allah, kada ka je."

Da safe mai makullai ya tsallake shi, ya miƙo mini makullin motar mudir. Yaya ya tambayi zancen iƙama, aka ce ya kawo fasfonsa ofis. Duk mun san abin da ke biyo bayan wannan: tikitin gida.

Mudir ya shigo mota, ya yi tari. Sannu ta zo mini baki, na haɗiye ta. A madubi na hangi Yaya tsaye a bakin get, yana gaida maigadi, maigadin yana kallon wani wuri.