Babur Ɗina Ya Tafi Kamun Kifi

Jama'a, yau a Bukuru kududdufi ya haɗiye min babur ina tsaye.

Danladi makanike, maƙwabcina, ya zo da safe wai ya gano dabarar jan taru da inji, jan hannu na mutanen da ne. Babur kawai yake buƙata, kuma rabin kifin nawa ne. Ni da kaina na tuƙa mu.

Muka je tsohon kududdufin da aka haƙi ma'adinin kuza, aka baza taru. Ya kafe babur, ya cire tayar baya, ya ɗaura igiyar tarun a wili, ya ce in ba shi wuta. Igiya ta miƙe, taru ya ƙi motsi.

Danladi ya ce, "Oga, ƙara wuta, babban kifi ne!"

Na ƙara. Ashe tarun ya maƙale ne a wani tsohon ƙarfen masu haƙar kuza a ƙasan ruwa. Taru bai zo ba, babur ne ya tafi. Tsundum! Da ƙyar na saki kan babur ɗin kafin ya ja ni ciki.

Na juyo na kalli Danladi. Ko a jikinsa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Amma ka ga ƙarfin injin, ko?"

Wa ke kusa da Bukuru ya rage min hanya?