Sunan Rakiya a Jikin Barrada

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya a Marsiliya, inda ta yi rabin rayuwarta tana waƙar jaz a ƙananan gidajen kiɗa, irin waɗanda mawaƙiya kan rera baiti ta tsaya ta yi hira da na kan tebura. A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife mu, kuma a bukukuwan danginmu na Sudan aka fara jin muryarta.

Ta auri wani mai busa ɗan Khartum, suka rabu lafiya. Daga baya ta zauna da Salma, mai kaɗa mata fiyano, har ƙarshen ranta. A gaban jama'a take faɗa cewa ta so namiji, ta kuma so mace, ba ta yi wa ɗayansu ƙarya ba. Na san abin da addinina ya ce, na kuma san irin ƙaunar da nake mata. Har na kai hamsin ban iya zaunar da abubuwan nan biyu wuri ɗaya a zuciyata ba.

Gidanta ya zama masaukin waɗanda iyayensu suka kora saboda irin wannan. Ba ta yi wa iyayen wa'azi. Takan kira uwar a waya, ta gaishe ta yadda ya kamata, ta ce: "Ɗanki yana wurina, ya ci abinci." Wasu iyayen sukan kashe wayar. Wasu sukan tambaya ko har yanzu yana tari.

Yau ana kiɗan jaz a bakin tekun Jidda, mata na rerawa a fili. Ina jin da tana raye da za ta yi dariya, sannan ta tambaya ko an bar mawaƙan su yi magana tsakanin waƙa da waƙa.

Bana mahaifiyarmu ta sa a kafa barrada, wato na'urar sanyaya ruwa, a ƙofar gidanmu na unguwar Bani Malik, ruwan sanyi sadaka ga mamatanmu, da allon sunayensu a jiki. Yaya Usman, babbanmu, ya ba mai rubutu sunan Baba kaɗai.

"Ummi, mutane za su karanta," in ji shi. "Halas, shi ke nan, a bar ta tsakaninta da Allah."

Na yi ta neman hujja a raina, Ummi ta riga ni.

"Usmanu, wa ya fi bukatar addu'a, ubanka ko ita? Yalla, maza koma ka ce ya ƙara sunanta."

Ya koma.

Faya-fayanta ba sa cikin gidanmu, ba na kuma tsammanin za su shigo. Abin da ya rage mana layi ɗaya ne a ƙasan sunan Baba. Da azahar leburori da masu kai saƙo a babur sukan tsaya su sha. Jiya na ji wani dattijo yana haɗa baƙaƙen a hankali, ya ce Allah ya jiƙan Rakiya. Ummi tana bayan ƙofa, ta amsa da amin.