Ranar da Anka Yi wa Fankshin Ɗina Ritaya

In ka ga dama ka yarda, in ba ka yarda ba hau kabu-kabu ka zo Bagudo ka tambaya: akwai lokacin da aikin hannuna ke zaune cikin kwamfutocin duniya kaf, har da na mutanen da ba su taɓa jin sunan Kebbi ba.

Ga yadda anka yi. Ina da shagon buga takardu kusa da tasha. Laftof ɗin da muke samu wancan lokaci duk ta Kwatano suke biyowa su tsallako iyaka, kuma kibod ɗinsu na Faransa ne. Inda ka saba samun A, sai ka tarar da Q zaune ya miƙe ƙafa. Ni kuma ina aiki da wata tsohuwar manhajar rubutu da ta girme ni, irin wadda ba ta da mai ita. Kamar rijiyar gari take, kowa ya ɗiba, mai iyawa ya yashe. Sai na zauna na rubuta ɗan umarni, su suna ce mishi fankshin, wanda ke maida kowane harafi gidan ubanshi. Na tura wa masu kula da manhajar, sunka karɓa.

Tun ranar ban sake tafiya irin ta mutane ba. A majalisar mai shayi ni ne injiniya. In gardama ta tashi, ta ƙwallo ce ko ta takin zamani, sai in ce, "Ku saurara, wanda Japan ke cin moriyar aikinshi zai yi magana." Su kuwa su bar mini fili.

Shekaru sunka shuɗe, rannan sai ga sanarwa daga masu kula da manhajar. Wai an duba, babu mai kiran fankshin ɗina, wato mai aiki da shi, don kwamfutocin yanzu da kansu suke gyara wagga matsala. Za a manna mishi alamar tsufa, duk wanda ya kira shi a gargaɗe shi, gaba kaɗan a cire shi ɗungurungum. Amma in akwai masu amfani da shi, su fito su yi magana.

Su fito? Ai in dai fito da jama'a ne, mu anka bar wa. Na kira taubashina mai facin taya, ya goya ni a mashin, munka shiga kamfe. Kurgu, Matsinkai, har bakin kogi wurin masunta. Duk mai babbar waya na buɗe mishi akawun a shafin manhajar, na nuna mishi inda zai rubuta. Ban ɓata bakina da bayani ba, cewa kawai na yi Turawa ke son danne ɗan Bagudo.

Jama'a kuwa sunka yi mini kara. Wani ya rubuta, "Muna bayan injiniya, ba gudu ba ja da baya." Wani ladan ya zuba addu'a wadda ta fi fankshin ɗin tsawo sau ba adadi. Wani basarke, cikin masuntan nan, ya tura hoton giwan ruwan da ya kama, wai don su san da wa suke yi. Wani tsoho kuma, ganin ya samu manya, ya roƙi a gyara musu hanyar garinsu kafin damina.

Shugabar masu kula da manhajar wata dattijuwar Baturiya ce, mai haƙurin da ke ba mutum haushi. Ta gode wa kowa, har kifin ta yaba. Sannan ta nemi ko mutum ɗaya cikin magoya bayana ya nuna inda yake kiran fankshin ɗin a kwamfutarshi. Wace kwamfuta? Rundunata kaf ba mai ko linzaminta. Da ba wanda ya turo sai ta ce to ba komai, ni da na rubuta shi in turo nawa, ya wadatar.

Na ce yauwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ɗauko laftof na kai majalisa, don a yi abin a gaban shaidu. Mai shayi har ya rage wutar murhu ya matso. Na bincika nan, na bincika can. Na sake bincikawa ina gyaran murya. Babu. Ashe tun da na canza laftof na sayi mai kibod ɗin Ingilishi, ni kaina ban sake kiran abin ba, kuma wannan canji ya yi shekarun da yaron goye zai shiga firamare.

Wani ya ce, "Injiniya, ko Japan ɗin za mu tambaya?"

Kafin sati ya zagayo an manna alamar. Na zauna a majalisa ina zuba huɗuba a kan yadda Turawa ba su son ganin baƙar fata ya ci gaba, da yadda anka yi wa ɗana ɗaya tilo kisan mummuƙe. Taubashina ya kurɓi shayi, ya aje kofi, ya ce:

"Kai taubashi, rufa muna baki. Ɗan da ubanshi bai leƙa ba shekara da shekaru, Baturiya kake so ta goya maka shi?"