Na Karɓi Gaisuwa A Madadin Takardar Lafiyar Mota

A shekarun da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a Wudil, ban daɗe da gama karatu ba. Mace ce ni mai shiru, mai yawan zama bakin taga ina rubuta waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. Da aka gyara albashin ma'aikata, malamai suka fara sayen motocin hannu, ni ma wani buri ya kama ni. Mahaifina ya rasu, Innata tana zaune a Darki da ciwon gwiwa, kuma duk wata sai an kai ta asibiti a Kano, a cusa ta cikin motar haya tsakanin buhuna da kaji. Burina in ɗauko ta da kaina, ta miƙe ƙafa, iska tana kaɗa mayafinta. Na koyi tuƙi a filin ƙwallon makaranta, na fara cigiyar mota.

Wanda ya samo mini ita aminin mahaifina ne, dillalin motoci, dattijon da tun ina ƙarama nake kira Baba. Mota ce shuɗiya, launin sararin sama bayan an ɗauke ruwa, kuma ina ganinta na ji ta kwanta mini. Wata babbar malama a makarantarmu, wadda mijinta direba ne, ta ja ni gefe ta ce kada fenti ya ruɗe ni. Ta ce in nemi tsofaffin takardun lafiyar motar, na shekarun baya, in gwada lambar da ke takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfen, sannan in je ofishin masu duba lafiyar motoci su faɗa mini abin da suka sani a kanta. Na ce mata to, kuma da niyyar yin haka na tafi.

Na durƙusa na gaida Baba. Ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tuno mahaifina har idonsa ya kawo ruwa, ya ce ganina kamar ganin marigayi ne. Na tuna tambayar da na ƙunso tun daga gida. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya ɗauki makarar ubana ya kawo shaida? Da ƙyar, kaina a sunkuye, na ce yaya lafiyar motar. Ya yi dariya ya ce lafiya lau, 'yata, lafiya lau. Ya miƙo mini ambulan mai takarda guda, sabuwa fil, da kwanan watan makon nan. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na biya kuɗin motar. Ban buɗe gaban motar ba, ban je ofishin ba.

Motar ba ta ɓoye mini halinta ba, ni na ƙi gani. Ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ta gefen fasinja ba ta buɗuwa ta ciki. Birki kuwa wani lokaci sai na taka sau biyu yake kamawa. Duk na kira su shagwaɓa, har waƙa na rubuta mata.

Wata Juma'a da hantsi, ranar kasuwar Wudil, na ɗauko Inna daga Darki za mu Kano. Tana zaune a gefena tana ta sa mini albarka. Muna hawa gada, wata babbar mota mai ɗauke da shanu ta tsaya a gabanmu. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka kunu. Na sake takawa, babu komai. A dama akwai mata da tallan kifi a ka, sai na karya sitiyari na kauce musu, muka daki ƙarfen gefen gada. Gaban motar ya lotsa ya danne ƙafar Inna.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tashina daga barci. Na tura ƙofata, ta ƙi. Na miƙa hannu ta kan Inna na ja tata, na tuna ba ta buɗuwa ta ciki. Gilasan na lantarki ne, sun mutu tare da injin. Warin fetur ya cika mana hanci, zafi ya rufe mu kamar an kife tukunya. Ta gilashin gaba ina hango kogin a cike, jajawur da ruwan damina, ƙarfen da ya tare mu kuma ya lanƙwashe yana ƙara. Mutane suna dukan mota suna ihu, ina ganin bakunansu ba na jin me suke cewa. Inna tana ta salati. Can ta juyo, fuskarta duk gumi, ta tambaye ni ko lafiya nake. Jini yana zuba daga goshina, amma bakina da kansa ya ce lafiya lau, Inna. Na tambaye ta, ita ma, da ƙafarta a karye, ta ce lafiya lau. A nan, cikin wannan akwatin ƙarfe, na gane abin da Baba ya ba ni. Amsar gaisuwa ce, wadda ko mai jinya yake bayarwa. Ni ce na ɗauke ta a matsayin shaida.

Wasu mahauta ne suka fasa gilashin baya suka zaro ni, ita kuma sai da aka kawo ƙarfe aka ɓanɓare ƙofar. Bayan kwanaki na je ofishin da ya kamata in fara zuwa. Wani jami'i mai furfura ya dubi takardata ya ce ba daga hannunsu ta fito ba. Ya bi lambar jikin motar cikin wani tsohon littafi, ya nuna mini da yatsa: sau biyu mai ita na farko ya kawo ta, sau biyu suka hana ta takarda, domin ta taɓa yin hatsari, an yi mata walda, birkinta kuma yana yoyo. Binciken bai kai tsawon gaisuwar da na yi wa Baba ba.

Baba ya zo dubiya da lemo. Ya ce ina kwana, Inna ta ce lafiya lau. Ban sani ba ko ya san halin motar, ko shi ma gaisuwa aka sayar masa, kuma Inna ta hana ni tambaya, ta ce ƙaddara ce, kada in tozarta aminin ubana. Na bi maganarta, amma tambayar tana nan a ƙirjina. Masu son sayen motar sun yi ta zuwa, kowa ya fara da tambayar ko lafiyarta ƙalau. Ban iya ba su amsar da aka ba ni ba, sai na sayar wa 'yan gwangwan suka farfasa ta.

Inna da na so ta miƙe ƙafa a mota, yau da sanda take zuwa alwala. Ban zargi kunya ba, tarbiyya ce, amma na koyi cewa tana da wurin zamanta, kuma wurin ba gaban injin ba ne. 'Yan'uwana, musamman mata irina da ake sayar mana da mota ta hannun manyan da muke jin nauyi, ku gaishe su yadda ya kamata, ku durƙusa, sannan ku tashi ku je ku duba tarihin motar da idonku. Mutum yana iya cewa lafiya lau yana kwance. Birki ba ya amsa gaisuwa.