Ƙugiyar Da Yaya Mamman Ba Zai Sa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Mamman, kuma ban taɓa shan wahalar rashinsa kamar ta makon jiya ba. Wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ƙaya ba ya cinye mini yini guda.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu maƙera ne a Gummi. Shi ya yi aikin gyaran makamai a barikin 'yan sanda, da ya aje aiki ya dawo maƙerarmu. Maharba daga Anka har Nasarawa Burkullu suna kawo masa bindigar toka. Amma yana da doka: ba ya karɓar bindiga a hannunsa. Sai mai ita ya aje ta a ƙasa, ya zauna, ya faɗi sunan ubansa da na mai unguwarsu, ya nuna takardar izini. Mutane suna cewa ya cika tsirfa. Ni ma na ce.

Makon jiya wani mutum ya zo da hantsi. Ya warware tsumma, sai ga ƙaramar bindiga irin ta hukuma. Ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi bayan an harba ta karye, ya kuma zo da sabuwa a leda.

Ya ce, "Baba, an ce tun da wanka ya mutu babu mai iya wanga aiki."

Maganar nan ta kama ni. Na miƙa hannu na karɓa. Ya ce gobe zai dawo.

Ni da na saba da gatari da galma, ga ni ina fama da ɗan sifirin ɗin ƙugiyar, waya siririya kamar gashin gemu. Sau uku yana tsalle yana faɗawa cikin toka, ina lalube a durƙushe, idona ba na da ba. Na zagi ƙarfen, na zagi wanda ya ƙera shi. Bayan la'asar ƙugiyar ta zauna daram. Har na yi murmushi, wallahi.

Ina cikin murmushin ne na tuna ban san ko sunansa ba. Ban san ƙirjin wa na gyara wa hanya ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? A zamaninsa mai bindiga sananne ne. Yau kowa ya ce maka shi ɗan sa-kai ne, kuma mun san abin da ya hana mutane zuwa gona a Bukkuyum. Ka gyara, kana cikin alhaki. Ka ƙi, sun san ƙofar gidanka. Na san dai abin da Yaya yake maimaitawa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hannunsa ban gada ba, na yarda. Zuciyarsa ma ban kai ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne tambayar nan da nake yi wa dariya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Da safe na cire ƙugiyar, na mayar da ita cikin ledarta. Da mutumin ya iso na aje masa kayansa a ƙasa.

Na ce, "Ɗan wa na kai? Tafi ka zo da mai unguwarku da takarda."

Ya dube ni. Ya naɗe tsummansa ya hau babur. Na ja zugazugi na ci gaba da galmar mutane, damina ba ta jira.